Guguwar Rana da sararin Sahel: wa zai ci gaba da auna saman da ya fi ko'ina rikici?

A ranakun 10 da 11 ga watan Mayun 2024, duniya ta fuskanci guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun bayan ta watan Oktoban 2003. Rana ce ta kwashe kwanaki tana aman wuta a jere, abin da ta watso ya iso ya girgiza saman iskar duniya. Kafofin labarai sun fi karkata ga hotunan hasken ja da kore da ya bayyana a sararin Turai da Amurka har zuwa Meziko. Sai dai bayan hotunan akwai asara. A tsakiyar Amurka, motocin noma masu aiki da GPS sun rikice ana tsakar shuka. Wasu jiragen sama sun kauce wa hanyoyin da ke bi ta ƙuryar arewacin duniya. Dubban taurarin ɗan'adam kuma sai da suka tayar da injinansu kafin su koma matsayinsu. Daga baya masana suka laƙaba wa guguwar sunan Jennifer Gannon, wata masaniyar wannan fanni ƴar Amurka da ta rasu a farkon watan.

A Yamai ko Injamena ko Garwa ba wanda ya ga wani haske a sama, don haka da yawa suka ɗauki labarin a matsayin na Turawa. Amma ga masu binciken saman iska, sararin da ya lulluɓe Sahel yana cikin mafi rikici a duniya, ko da guguwa ko babu ita, kuma yana cikin waɗanda aka fi ƙarancin na'urorin auna su. Ɗan abin da aka sani a kansa ya fito ne daga rayuwar aikin wasu mutane ƙalilan. Ɗaya daga cikinsu ita ce Bafaranshiya Christine Amory-Mazaudier, wadda ta shafe fiye da shekaru 30 tana aiki da jami'o'in Afirka. Tarihin aikinta ya nuna cewa wannan ilimi ba a sayo shi cikin kwali. Da mutane da shekaru ake gina shi, kuma yanzu da buƙatarsa ke ƙaruwa ne hanyoyin da aka bi aka gina shi ke tsinkewa.

Rufin da ba a gani

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman gajeren zango ya yi hulɗa da wannan sashe na sama. Daga nisan kilomita 60 zuwa kusan 1,000 sama da ƙasa, hasken Rana mai ƙarfi yana fasa ƙwayoyin iska, ya bar su ɗauke da cajin lantarki. Masana na kiran wannan shimfiɗa iyonosfiya. Ita ce ke tare muryar rediyo ta mayar da ita ƙasa a wata nahiyar. Ta haka sashen Hausa na BBC, da ya fara a 1957, da na Muryar Jamus da ya biyo baya a 1963, suka riƙa shiga zangon Kumasi da unguwannin Hausawan Yawunde da ƙauyukan Sudan ba tare da waya ko hasumiya a kusa ba. Har yau, duk lokacin da aka rufe tashar FM mai tura shirin wata kafa, gajeren zango ne ke saura.

Shimfiɗar ba ta zama wuri ɗaya. Da rana, sashenta na ƙasa yana shanye muryar rediyo, da dare kuma ya ɓace, shi ya sa tashoshi ke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare. Idan Rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, haskenta na cin tafiyar kilomita miliyan 150 cikin minti 8, ya kumbura wannan sashe na ƙasa, gajeren zango ya ɗauke ɗif a duk ɓangaren duniyar da ke cikin rana, na mintoci ko fiye da awa guda. Idan kuma curin iska mai maganaɗisu ta harbo, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, shi ne ke haddasa guguwa irin ta Mayun 2024. Wannan duka shi ake kira yanayin sararin samaniya.

Rana tana da nata zagayen, na kimanin shekaru 11, daga lafawa zuwa tashi zuwa lafawa. Zagayen da ake ciki, na 25 a lissafin masana, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. Saukowa daga ƙololuwa ba ta nufin an tsira: guguwar 2003, wadda ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu, ta zo ne bayan an wuce ƙololuwar wancan zagaye.

Abin da ya bambanta Sahel

Duniya tana da layin tsakiya guda biyu. Akwai ikwatar da ake koyarwa a makaranta, mai ratsa Gabon da Kenya. Akwai kuma ikwatar maganaɗisu, inda allurar maganaɗisu ke kwanciya sambal ba ta sunkuya ba. A Afirka wannan layi na biyu ya hauro arewa da kimanin digiri 10. Ya bi ta kusa da Gini da arewacin Kwaddibuwa da arewacin Gana da Togo da Benin, ya wuce ta wajajen Zariya da Kano, ya shiga arewacin Kamaru da Chadi, ya nufi Sudan da Habasha. Wato hanyar da fataken goro da mahajjatan ƙasa suka daɗe suna bi, kusan ita ce hanyar wannan layi.

Abubuwa uku ke faruwa a samansa. Na farko, da rana wani kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 yana gudana zuwa gabas a nisan kilomita 100 da ɗoriya sama da ƙasa. An fara ganin alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru bayan buɗe ta a 1922, masanin Ingila Sydney Chapman kuma ya raɗa masa suna a 1951. Na biyu, ƙarfin lantarkin da ke tafe da kogin yana cilla iska mai caji sama, ta gangaro arewa da kudu ta taru a nisan kusan digiri 15 daga layin. Na uku, kuma mafi cutarwa ga na'urori, bayan faɗuwar rana ƙasan shimfiɗar na yin rauni, sai wasu manyan kumfa da babu caji sosai a cikinsu su taso su yi sama. Saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa ta cikinsu yakan yi rawa, ƙarfinsa ya riƙa hawa da sauka, wani lokaci ya yanke. Ma'aunin da aka yi daga sama ya nuna cewa Afirka na cikin yankunan da kumfar ta fi yawa.

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200, saƙonsu kuma dole ya keta wannan shimfiɗa kafin ya iso waya ko jirgi. Jinkirin da yake yi a ciki na iya jawo kuskuren mitoci da dama, har gommai in ba a gyara ba. Lissafin gyaran da ke cikin ƙananan na'urorin GPS an tsara shi ne ya rage kusan rabin kuskuren kawai, kuma ya fi dacewa da sararin Turai da Amurka mai natsuwa. A Sahel, tsakanin magariba da tsakar dare, a watannin da dare da rana ke daidaita, shi ne lokacin da ya fi gazawa.

Daga Saint-Santin zuwa Tumbutu

Christine Amory-Mazaudier ba da Afirka ta fara ba. A shekarun 1970 da 1980 ta yi aiki da babbar na'urar rada ta Saint-Santin a kudancin Faransa, wadda ke harba saƙo sama tana auna iska da lantarkin da ke can. Tambayar da ta riƙe ita ce: idan guguwa ta zuba ƙarfinta a ƙuryar arewa da kudancin duniya, ta yaya tasirin ke isa sauran wurare?

Hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta gaggawa ce, inda ƙarfin lantarki ke tsallakowa daga ƙuryar duniya zuwa tsakiyarta cikin mintoci. Ɗayar ta sannu ce: guguwar na dumama saman iska a ƙuryar, iskar ta taso ta nufo tsakiya cikin awanni, ta haifar da lantarki mai adawa da wanda aka saba, har ya raunana kogin da ke saman ikwata kwana ɗaya ko biyu bayan guguwar ta lafa. Michel Blanc da Arthur Richmond ne suka fitar da lissafin wannan hanya ta biyu a 1980. Amory-Mazaudier na cikin waɗanda suka nemo shaidarta a ma'auni, kuma a 2005 ita da abokin aikinta na Biyetnam Le Huy Minh suka bayyana yadda ake gane sawunta a bayanan maganaɗisun yankin ikwata. Amfanin wannan a aikace shi ne, guguwa ɗaya na iya tayar da kumfar dare a wani yanki ta kuma danne ta a wani, gwargwadon lokacin da ta iso. Ba a iya hasashen hakan sai da ma'aunin wurin.

Ma'aunin Afirka kuwa ya yi ƙaranci, ko da yake ba daga sifili aka fara ba. Tun ƙarshen shekarun 1950, Cyril Onwumechili na jami'ar Ibadan ya riƙa auna kogin lantarkin a Najeriya, kuma littafin da ya wallafa a kansa a 1997 na cikin manyan madogarar fannin. Tsakanin 1968 da 1970, cibiyar ORSTOM ta Faransa ta jera na'urori daga Chadi zuwa Afirka ta Tsakiya, Ousseini Fambitakoye da Pierre-Noël Mayaud suka fitar da sakamakon a 1976.

A 1987, a taron ƙungiyar masana maganaɗisun duniya a Bankuba ta Kanada, wakilan ƙasashe masu tasowa suka nemi a keɓe shekara ta musamman don nazarin kogin lantarkin ikwata. A nan aikin Amory-Mazaudier ya juya. Ita ce ta shiga gaba wajen haɗa ɓangaren Afirka ta Yamma. Daga ƙarshen 1992 zuwa 1994, tashoshi goma suka yi aiki a jere a kan layi ɗaya mai tsawon kilomita 1,200: Tumbutu, Mopti, San, Kuciyala da Sikaso a Mali, sai Niyele, Korhogo, Katiyola, Tiyebisu da Lamto a Kwaddibuwa. Kowace na auna maganaɗisu da lantarkin da ke gudana cikin ƙasa. Fiye da shekaru 30 bayan haka, ana ci gaba da fitar da bincike daga bayanan waɗannan shekaru biyu.

Ɗalibai kafin na'urori

Abin da ya biyo bayan gangamin ya fi gangamin tasiri. Tsarin da aka saba shi ne Turawa su kawo na'ura, su kwashe bayanai, su koma gida su rubuta. A 1995 Amory-Mazaudier da abokan aikinta suka kafa GIRGEA, wata ƙungiyar masu binciken kimiyyar ƙasa da sama ta Turai da Afirka, a kan wani tsari dabam. Ɗalibin digirin digirgir zai je ɗakin bincike a waje na ƴan watanni, ya koma jami'arsa, ya yi aiki da bayanan sararin ƙasarsa, ya kare kundinsa a gida, sannan shi ma ya ɗauki ɗalibai. Makarantar horo ta farko an yi ta a Abijan a 1995, wasu suka biyo baya a Barazabil da Kinshasa da Kudugu da Ciyes ta Senegal. Gomman kundaye sun fito ta wannan hanya.

Vafi Doumbia, wanda ya yi kundinsa kan bayanan layin Tumbutu zuwa Lamto, ya zama farfesa a jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Abijan, inda yanzu ake da rukunin masu bincike a fannin. Frédéric Ouattara na Burkina Faso ya shugabanci jami'ar Norbert Zongo ta Kudugu, ya sami lambar yabo ta ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka a 2018, kuma shi ya jagoranci shirin ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam na farko na ƙasarsa. A ɓangaren masu Ingilishi, da nasu hanyoyin, Francisca Okeke ta jami'ar Nsukka ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO a 2013 saboda bincikenta kan lantarkin saman iska, Babatunde Rabiu kuma ya jagoranci cibiyar binciken sararin iska da Najeriya ta buɗe a Anyigba ta jihar Kogi a wannan shekarar.

Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyin shekarar nazarin Rana da tasirinta daga 2007, sannan shirin ISWI daga 2009, na'urori sun shigo Afirka daga Japan da Amurka da Suwizalan. An kafa ma'aunan maganaɗisu a Legas da Ilori da Abuja da Abijan da Yawunde. Inda aka tarar da malami da ɗalibansa, na'urar ta yi aiki ta haifi bincike. Inda ba kowa, ɗaukewar wuta ko katsewar intanet ko mutuwar batir kan isa ta kashe tasha. Wannan shi ne darasin da ya fi fitowa fili daga shekarun.

Giɓin da ba ya cikuwa

Akwai dalilin da ya sa wannan fanni ke cin rayuwar mutum gaba ɗaya. Mai binciken da ya yi shekaru 35 yana aiki zai ga ƙololuwar Rana sau uku ne kawai, in ya yi sa'a huɗu. Ba ya iya kiran guguwa ta zo ɗakin gwaji. Sai dai ya jira ta, na'urarsa a kunne. Daren da aka rasa ma'auni ya tafi ke nan.

Misalin Wagadugu ya isa hujja. Na'urar auna iyonosfiya da ke can ta yi aiki daga 1966 zuwa 1998, ta rufe zagayen Rana uku. Da wannan taska Ouattara da ɗalibansa suka gano yadda saman yankin ke sauyawa da lokutan shekara da kuma ƙarfin Rana, kuma da irinta ake gwada ko lissafin da aka ƙera a waje ya dace da Afirka. Ta Korhogo ta yi aiki daga 1992 zuwa 2002, shekarar da rikici ya raba Kwaddibuwa gida biyu. Arewacin layin 1992 kuwa, Tumbutu da Mopti, ya faɗa cikin yankin da matsalar tsaro ta fi ƙamari a Mali.

Wani abin lura shi ne lokacin da fasahar ta bazu. Wayoyin zamani masu GPS, da manhajojin kiran mota da babur, da auna filaye da tauraron ɗan'adam, duk sun yaɗu a Afirka ne tsakanin 2008 da 2019, wato cikin zagaye na 24, mafi rauni cikin shekaru ɗari. An saba da su a lokacin da Rana ke kwance. Zagaye na 25 ne gwajinsu na farko na gaske, kuma ya zo a lokacin da wasu daga cikin tsofaffin tashoshin suka daɗe da yin shiru.

Inda abin ya shafi jama'a

Sufurin jiragen sama ne a sahun gaba. Hukumar ASECNA, da aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar da makarantar horo ta EAMAC a Yamai, tana kula da sararin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 16, ciki har da na Nijar da Chadi da Kamaru da Benin da Togo. Tana gina wani tsari da ake kira ANGA, wanda tashoshin ƙasa za su riƙa auna kuskuren GPS, tauraron ɗan'adam ya watsa gyaran ga jirage. Idan ya kankama, jirgi zai iya sauka cikin hazon hunturu a filin da ba shi da na'urorin sauka masu tsada, abin da fasinjojin Marwa da Damagaram da Agadas suka san darajarsa. An fara watsa saƙon gwaji a Satumbar 2020 ta tauraron NigComSat-1R na Najeriya, aka yi gwajin sauka a Lome a Janairun 2021. Babban ƙalubalen tsarin shi ne iyonosfiyar ikwata. Shi ya sa ASECNA da hukumar sararin samaniyar Faransa suka kafa tashoshin nazari a Dakar da Wagadugu da Lome da Duwala da Injamena kafin komai. Tun Nuwambar 2019 kuma hukumar sufurin sama ta duniya ta shigar da gargaɗin yanayin sararin samaniya cikin bayanan da ake bai wa matuƙa. A duk nahiyar Afirka, cibiya ɗaya ce aka amince da ita don wannan aiki, ta Hermanus a Afirka ta Kudu, wadda ta koma aikin dare da rana a Nuwambar 2022. Tana dubban kilomitoci kudu da ikwatar maganaɗisu.

Na biyu shi ne intanet ta tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a 2023, ya iso Nijar a 2025, kuma garuruwan da waya ba ta kai ba sun fara dogara da shi. Taurarinsa na shawagi ba da nisa sosai daga ƙasa ba, inda har yanzu akwai ragowar iska. Guguwa na dumama iskar ta kumbura, ta riƙa jan taurarin ƙasa. A Fabrairun 2022, wata ƙaramar guguwa ta hallaka 38 daga cikin 49 da kamfanin ya harba kwana ɗaya kafin ta.

Na uku, gwamnatoci da kansu sun shiga sayen taurari. A Satumbar 2024 Mali da Burkina Faso da Nijar suka sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin sadarwa da na sa ido. Senegal ta harba nata na farko a Agustan wannan shekarar. Hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka ta buɗe ofishinta a Masar a Afrilun 2025. Duk saƙon da zai sauko daga waɗannan taurari, ko na soja ko na farar hula, ta cikin wannan shimfiɗa zai bi.

Na huɗu, wutar lantarki. Guguwar 13 ga Maris 1989 ta jefa mutum miliyan 6 cikin duhu na awa 9 a lardin Kebek na Kanada, saboda lantarkin da ta tura cikin dogayen wayoyi. Haɗarin ya fi yawa a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar duniya, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya sami Afirka ta Kudu a 2003 ya nuna nesa ba kariya ba ce, kuma bincike ya nuna kogin lantarkin ikwata na iya ƙara ƙarfin girgizar maganaɗisu a ƙarƙashinsa. Yankin na jan dogayen layuka, irin na kilobolt 330 mai kusan kilomita 900 da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin. Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon abin da take iya kwasa.

Wa zai riƙe?

Masu cewa ƙasashen da ke fama da yunwa da ƴan bindiga da rashin azuzuwa suna da abin da ya fi wannan gaggawa, ba su yi ƙarya ba. Babu wanda guguwar Rana ta kashe a Sahel da aka sani, kuma yawancin kuskuren GPS ɗin wayar hannu ba ya wuce ɓata wa mai babur ƴan mintoci. Amma ba a neman waɗannan ƙasashe su gina rada irin ta Saint-Santin. Na'urar karɓar saƙon taurari mai auna rawar sama, da ma'aunin maganaɗisu, da faifan sola da batir, da layin intanet, kuɗinsu bai kai na motar babban jami'i ɗaya ba. Abin da ke da wuya shi ne albashin mutumin da zai kula da su shekara 20, da gurbin aiki ga ɗalibin da ya gama, don kada ya tafi.

A nan siyasa ta shigo. Tsarin da Amory-Mazaudier ta gina ya dogara ga zirga-zirga tsakanin jami'o'in Afirka da ɗakunan binciken Faransa, da kuma cibiyar Abdus Salam ta Trieste a Italiya. Tun bayan juyin mulkin Mali da Burkina Faso da Nijar dangantaka da Faransa ta yi tsami, kuma a 2023 dakatar da biza da tallafi ya shafi ɗalibai da masu bincike na ƙasashen uku. A Amurka, wadda taurarinta ke ba duniya yawancin gargaɗin farko, gwamnati ta gabatar a 2025 da shawarar zabtare kusan rabin kuɗin binciken kimiyya na NASA. Ko ba a aiwatar da duka ba, saƙon ya isa: kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai yankin ba ya inda yake a 1992. A wancan lokaci kusan komai daga waje ya zo, har da masu karanta ma'aunin. Yau akwai farfesoshi a Abijan da Kudugu da Dakar da Ilori da Nsukka da suka yaye ɗalibai, ɗaliban ma suka fara yaye nasu. Abin da ya rage shi ne haɗa su. Ikwatar maganaɗisu ba ta san iyakar Faransanci da Ingilishi ba, ba ta kuma san ta AES da CEDEAO ba. Kumfar da ta taso a saman Kano da magariba gabas take nufa, ta wuce kan Maiduguri da Injamena. Tasha a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta André Salifou ta Damagaram, ko ta Marwa, tana da amfani ne idan bayananta na haɗuwa da na Zariya da Tamale da Paraku. ASECNA, wadda ta ci gaba da haɗa ƙasashen da suka ɓata a siyasance, tana da tashoshi da ma'aikata da kuma buƙatar kanta, don haka ita ce ta fi kusa da zama gidan wannan haɗaka.

Ga matasan da ke karatun fiziks ko lissafi a waɗannan jami'o'i kuwa, fannin na da wata fa'ida da ba kasafai ake samu ba. A yawancin rassan kimiyya, ɗalibin Sahel na bin bayan wanda ke da ɗakin gwaji mafi tsada. A wannan, abin da duniya ke son fahimta yana saman kansa, kuma ba mai iya auna shi daga Faris ko Tokyo.

Ƙololuwar Rana ta gaba za ta zo ne wajen tsakiyar shekarun 2030. Ana sa ran kafin lokacin jirage za su riƙa sauka da jagorancin taurari a filayen yankin, layukan wuta sun haɗe, taurarin da aka yi oda sun hau. Horar da mai bincike ɗaya daga digirin farko zuwa na digirgir na cin shekaru takwas zuwa goma. Wanda zai karanta ma'aunin wancan lokaci, yanzu ne ya kamata a ɗauke shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.